Aikin Gyartai da Asibitin Babbar Ruga

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, idan ƙwarya ta tsage ba a saurin jefar da ita, sai a kai wa gyartai. Ya ɗora ta bisa gwiwa, ya bi bakin tsagar yana hudawa da basilla, ya ɗinke tsaf. Amma duba abin da uwargida ke yi idan an dawo mata da ita. Da wuya ta sake dama wa baƙo fura a ciki. Can bayan ɗaki za ka same ta, ana zuba wa kaji dusa.

Haka aka daɗe ana yi wa wanda ya warke daga kuturta. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 'yan mishan na SIM suka karɓi ragamar asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, wanda aka tanada domin dukan lardin. Da farko allurar wani mai na itatuwan Indiya ake yi, mai zafi, mai jinkirin aiki. Wajen 1950 ƙwayar dapson ta zo, ciwon ya fara jin magani. Sai dai ƙwaya ba ta mayar da yatsan da ya gutsure, ba ta kuma hana ɗan'uwa janye akushi idan mutum ya miƙo hannu.

A nan koyarwar Kirista take da abin faɗa. A Linjilar Markus, Yesu bai warkar da kuturu daga nesa ba, sai da ya taɓa shi. Sannan ya tura shi wurin firist a tabbatar ya tsarkaka, domin ya koma cikin jama'a. Wato bayan fata akwai zuciyar da ta sha wariya, akwai kuma ruhun da aka sa wa zaton Allah ya yi fushi da shi. Shi ya sa a wancan zamani a irin waɗannan asibitoci ake haɗa wankin gyambo da addu'a, da karatu, da gonar da majinyaci zai noma da kansa.

Ba a ɓoye ba, a lokacin mishan na neman masu karɓar bishara, sarakuna kuma sun sa musu ido a kan haka. Akasarin majinyata sun riƙe Musuluncinsu. Amma Musulmi ne ko Kirista, da yawa da aka sallama ba su koma garuruwansu ba, sun kafa gidaje nan gefen asibitin, inda ba mai ware musu kwano.