Kyamara da Dala, Biki da Naira: Lissafin Masu Hoto a Nasarawan Kaduna

Mai hoto a Nasarawa yana sayen kayan aikinsa a farashin da aka yanke a Japan aka rubuta da dala, amma ladan aikinsa uwar amarya ce ke yanke shi da naira, bayan ta sallami mai abinci da mai kwalliya da mai hayar kujeru. Tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ta daɗe, sai dai daga 2023 zuwa yau ta buɗe har ta sauya irin kyamarar da ake saye a unguwar, da wanda ke iya sayenta, da yadda ake shiga sana'ar tun farko.

Nasarawa, wadda ke ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar Kakuri da Tirkaniya, unguwa ce da albashin masaƙu ya gina. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan suka riƙa kama haya a kewayen Kakuri, kuma mai albashi shi ne abokin cinikin situdiyo na asali: ƙarshen wata ya yi, ya ɗinka sabon kaya, ya kwashi iyali a je a ɗauki hoto. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, babbarsu UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Bayan haka wayar hannu ta zo ta kwashe ƙananan ayyuka. Abin da ya rage wa mai hoto shi ne fasfo, da bikin yaye ɗalibai, da suna, da kuma aure, na masallaci da na coci, domin unguwar ta haɗa kowa. Aiki akwai, amma aljihun masu bikin ba irin na unguwannin Barnawa ko Malali ba ne.

Wayar da ta rage masa ciniki ita ce kuma ta tsauwala masa farashin kaya, ta bayan gida. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A 2020 ba su kai miliyan 9 ba. Da kamfanonin suka ga talakan mai saye ya koma waya, sai suka juya ga ƙwararru da masu hannu da shuni: kaya kaɗan, riba mai kauri a kan kowane ɗaya. A nan ne aka koma kyamara marar madubi. A manyan kyamarori na ƙwararru Sony ta fara da a7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya a 2018, kowannensu da sabon bakin ɗaura gilashi. Farashin bodi bai yi wani tsalle na ban mamaki ba: Canon 5D Mark IV ta fito a 2016 a kan dala 3,499, R5 ta fito a 2020 a kan dala 3,899. Tsadar tana wajen gilashi. Gilashin Canon 70-200 mai buɗewar 2.8, wanda kowane mai hoton biki ke mafarkinsa, na tsohon baki ya fito a 2018 a kan dala 2,099, na sabon baki kuwa, shekara guda bayansa, dala 2,699. Canon kuma ta daɗe tana hana wasu kamfanoni ƙera gilashi mai saita kansa don sabon bakin nata. Sai a 2024 ta ba Sigma da Tamron izini, shi ma a kan ƙananan kyamarori kawai.

Duk wannan da sauƙi in an gwada shi da abin da ya sami naira. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a hukumance, wajen 750 a hannun 'yan canji; farkon 2024 ta haye 1,500. Mai shigo da kyamara dama ba ya samun dalar banki, saboda haka lissafin gaskiya daga 750 zai fara. Canon R6 Mark II, mai dala 2,499, a wancan canjin ba ta kai naira miliyan biyu ba. A canjin 1,500 ta doshi miliyan uku da dubu ɗari bakwai da hamsin, ba a sa kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa ba. Kuɗin fito ma ya fi haka tashi, domin kwastan da canjin hukuma take lissafi, wanda ya ninka fiye da sau uku. Ga harajin VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. A ɗaya ɓangaren, janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin janareta da na zirga-zirga, ya kuma sa masu biki suna yanke duk abin da ba dole ba. Abinci dole ne. Albam mai shafi arba'in ba dole ba ne.

To ina rangwamen da ake ta gani a intanet? Matashin mai hoto yana buɗe waya a ƙarshen Nuwamba ya ga B&H ko Adorama na New York sun zabge ɗaruruwan daloli daga farashin kyamarar da yake so, ko ya ga Canon ta Ingila tana mayar wa mai saye wani abu daga kuɗinsa. Wannan garaɓasa ba domin shi aka shirya ta ba. Mayar da kuɗi yana da sharuɗɗa: a saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi a ƙasar, a tura rasit cikin wa'adi, a kuma zama mazaunin yankin. Garanti ma haka yake, na yanki ne. Kyamarar da aka sayo a Amurka in ta lalace a Kaduna, takardar da ke cikin kwalin ba ta da amfani a hannun mai ita. Ragin da ake yi nan take a kanti shi ne kaɗai ke iya ratsowa, in akwai ɗan'uwa mai dawowa gida da zai riƙo kayan. In kuwa ta hannun ɗan kasuwa ne, ragin a aljihunsa yake tsayawa, kuma ban ga laifinsa sosai ba: shi ba ya sa farashi bisa abin da ya saya jiya, yana sa shi ne bisa abin da zai biya gobe in ya koma sari, kuma wanda ya taɓa sayar da kaya da safe ya ga dala ta tashi da yamma ba ya sake sakaci. Canon ta buɗe ofishi a Legas, akwai kuma dillalai na hukuma masu ba da garanti a can da Abuja, amma farashinsu ya fi na kayan bayan fage, wanda kuma kuɗinsa bai cika ba ba ya tambayar garanti. Hanyar Dubai, inda 'yan kasuwar Arewa da yawa ke sari, ita ma ta toshe na wani lokaci: Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, jiragen Emirates suka daina zuwa, ba a daidaita ba sai a 2024.

Rangwamen da ya iso Nasarawa da gaske ba wani kamfani ne ya shelanta shi ba. Masu hoton Turai da Amurka da suka koma marar madubi sun zubar da tsofaffin kayansu a kasuwar na-hannu, kayan kuma suka gangaro Legas, daga can suka hau motar Kaduna. Canon 5D Mark III da ta fito a 2012 a kan dala 3,499, da Nikon D750 ta 2014, yau ana samunsu a wani ɗan yanki na kuɗinsu na asali. Waɗannan su ne kyamarorin da aka ɗauki bukukuwan attajirai da su shekara goma da suka wuce, kuma idon amarya bai canza ba tun daga lokacin. Dukansu suna da gurbin memori biyu, abin da a aikin biki ya fi kowace ƙyale-ƙyale daraja, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi in memori ya mutu.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya san kan abin ba ya kallon ƙyallin bodi. Abu na farko da yake tambaya shi ne sau nawa aka danna ta, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto yana da iyakar rai. Na 5D Mark III Canon ta ƙiyasta masa dannawa 150,000. A ce biki guda yana cin hoto 1,500, to wannan biki ɗari ke nan. Wadda ta zo da 120,000 a kanta, bisa ƙiyasin kamfani saura mata biki ashirin, ko da yake wasu suna zarce adadin nesa. Bayan haka sai ya cire gilashin, ya kunna tocilar waya ya haska ta baya, ya karkata shi a hankali yana leƙen ciki. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce. Amma in ya hango wani farin zare-zare yana yaɗuwa daga gefe, wannan fumfuna ce, sai ya ajiye ya nemi wani. Sannan ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama ya faɗaɗa shi, ya ƙirga ɗigon da ke manne a ciki. Yanayin Kaduna ba ya raga wa kaya: da hunturu ƙura ce ke shiga duk lokacin da aka canza gilashi a filin biki, da damina kuma laima ce ke kama wanda aka bari a jaka cikin shago marar iska.

A ganina, wanda ke da kuɗi ƙayyadaddu ya fara da gilashi da haske, bodi ya zo daga baya. Ɗan gilashin Canon 50mm mai buɗewar 1.8, wanda ya fito a 2015 a kan dala 125, in aka ɗaura shi a tsohuwar bodi aka haɗa da fitilar Godox guda da lema, yana fitar da fuskar amarya da ƙyallin leshinta fiye da sabuwar bodi ta miliyoyi mai ɗauke da gilashin da ya zo a kwali. Zauren biki a nan duhu ne da fitilu masu launi suna yawo a fuskar mutane. Abin da ke ceton hoto shi ne gilashi mai shan haske da mai hoton da ya iya sarrafa fitila. Bodi tana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana bin mai shi, har ma gilashin tsohon baki na Canon yana aiki a sababbin kyamarorinta da ɗan mahaɗi.

Ban ce sabuwar kyamara ba ta da abin da ta fi ba. Tana kama ido ta bi shi ko mutum yana rawa, kuma a bidiyo ta yi wa tsofaffin nisa. Bidiyon kuwa shi ne abin da masu biki ke nema yanzu: gajeren faifan da za a sa a Instagram da TikTok washegari, da na hoton kafin aure. Masu shirya finafinan Hausa masu dogon zango na YouTube su ma irin waɗannan kyamarori suke nema. Akwai kuma batun ganin ido, wanda masu hoto ba sa son faɗa a fili: wani ango yana auna gwaninta da girman abin da aka rataya a wuya, har ya tambayi sunan kyamara kafin ya ga aiki. Wannan ya jefa matasa da dama cikin bashi ko kwashe kuɗin adashi gaba ɗaya kan bodi guda, ba gilashi, ba batir na biyu, ba kwamfutar da za ta iya buɗe manyan hotunan da take fitarwa.

Mafitar da kasuwa ta samar wa kanta ita ce haya. Wanda ya samu babban aiki a Barnawa ko Abuja sai ya karɓi kyamara da gilashi na yini ɗaya ko biyu, ya sa kuɗin cikin lissafin mai biki. Dabara ce mai kyau ga mai aikin da ba kullum yake samun irin wannan ba, amma ta raba 'yan sana'ar gida biyu. Mai jari yana cin riba ko bai fita rana ba. Yaron da ya gama koyon aiki kuwa, wanda a da ubangidansa ke sallamarsa da tsohuwar kyamara, yanzu yana iya shekaru yana aiki da kayan wani, domin ubangidan shi ma bai iya sabuntawa ba balle ya saki ta hannunsa.

Arahar na-hannun ma tana da wa'adi. Tun ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya ce 1D X Mark III ita ce babbar kyamararsu mai madubi ta ƙarshe, kuma kamfanonin suna daina ƙera kayan gyaran tsofaffin samfura bayan wasu shekaru. Mai gyara a Kaduna ko Legas yanzu yakan cire labule ko allo daga wata matacciyar kyamara ya dasa wa mai rai. Muddin matattun suna da yawa a kasuwa, gyara zai yi sauƙi. In suka fara ƙaranci, mai hoton Nasarawa zai koma marar madubi ko yana so ko ba ya so, kuma farashin da zai tarar a ranar ya dogara ne da inda dala ta tsaya da kuma yawan R6 da a7 III da masu hoton waje suka gaji da su.