Jar Giyar Inabi ta Kan Tsaunuka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Dogayen kwalaben nan masu duhu da hoton inabi a jiki, waɗanda ake gani a manyan kantunan Yamai da Maraɗi, wani lokaci har a teburin biki a Ƙonni, ba abu ɗaya ne a cikinsu ba. Wata ruwan inabi ce zalla, wata kuwa giya ce mai bugarwa, kuma akwai irinta da ke fitowa daga gonakin kan tsaunuka.

A cikin giyar kan tsaunuka, wadda ta fi suna ita ce ta inabin Malbec. Asalinsa daga yankin Cahors na Faransa ne. A 1853 aka ɗauko wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, ya kafa makarantar gona a Mendoza ta ƙasar Ajantina, irin ya bi shi can, ya kuma karɓi ƙasar fiye da gidansu. Gonakin Mendoza suna gindin tsaunukan Andes, galibi a tsayin mita 800 zuwa 1,500 daga matakin teku. A lardin Salta akwai masu kaiwa kusan mita 3,000. Ƙonni kuwa ba ta kai mita 300 ba.

Me tsayi ke yi wa inabi? A can sama rana ta fi kaifi, sai ɗan inabin ya kare kansa da ɓawo mai kauri da duhu. To, launin ja da baurin nan mai kama harshe duk a ɓawo suke, don cikin inabin kusan fari ne. Idan an matse shi, ana barin ruwan ya jiƙa da ɓawon na kwanaki har ya rine. Da dare kuma sanyi ke saukowa, domin duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6. Sanyin nan ke hana tsamin ɗan itacen gushewa, zafin yini kuma ya cika shi da sukari. Sukarin ne ke rikiɗewa ya zama barasa idan ruwan ya ruɓa, shi ya sa irin wannan giya take da kauri a baki, ƙarfinta kuma ya kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, kusan ninki uku na giyar kwalba da aka saba ji.

Abin mamaki, ruwan saman Mendoza bai wuce milimita 200 da ƴan kai a shekara ba, ƙasa da na Ƙonni. Da narkakkiyar ƙanƙarar tsauni suke ban-ruwa. Manomin albasa a Galmi, cikin Malbaza, ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ya san iri ɗaya kan ba da yaji da launi daban idan aka sauya masa ƙasa da ruwa, shi ya sa sunan Galmi ke sayar da buhu har Abijan. Haka masu giya ke cin kuɗin sunan Mendoza.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba sai an maimaita ba. Inda ake yin kuskure shi ne wajen saye, musamman wanda aka aika kasuwa ya zaɓo kwalba don kyanta. Ku juya ta ku duba takardar. Idan kun ga lamba kamar 13,5% vol ko 14% vol, ko an rubuta vin rouge ko vino tinto, giya ce. Ruwan inabi zalla jus de raisin ake rubuta masa. Akwai kuma ta tsakiya, wadda aka yi giyar tukuna sannan aka cire mata barasar, a rubuta sans alcool. Irin wannan takan rage da ɗan abin da bai wuce kashi 0.5 ba, don haka mai son tabbaci ya nemi 0,0%.

Wanda bai iya karatun boko ba, ya miƙa wa mai iyawa ya duba masa kafin ya biya kuɗi.