In Kun Kira 112, Ku Fara da Faɗin Inda Kuke



A watan Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari, Kano, inda da yawanmu muke zuwa sari. A rana irin wannan, lambar neman agaji ita ce 112, kuma kyauta ce.

Amma mu san wannan: waya tana nuna ƙarfen sabis da ke kusa ne, wanda yake ɗaukar unguwa guda. Ba ta nuna rumfa. In layin ba shi da rajista, ko an toshe shi don ba a haɗa shi da NIN ba, kira in ya yanke da wuya a sake samunmu.

Saboda haka mu fara da wuri: "Kano, Kasuwar Sabon Gari, ta ɓangaren Bata, wajen 'yan atamfa." Sannan abin da ya faru, da wata lambar da ke aiki. Kada mu riga su kashe waya. A ƙauye mu ambaci ƙaramar hukuma, da majami'a ko makarantar da ke kusa.

Dattawan ikilisiya su taimaki marasa rajista su yi. Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.