Tsakanin faɗuwar mota da tashin wuta

Daren Lahadi 5 ga watan Mayu na shekara ta 2019, wayewar Litinin, daidai shigowar watan azumi, wata babbar motar dakon mai ta kife a birnin Yamai, a unguwar da ke dab da filin jirgin sama na Diori Hamani. Direba yana neman wurin ajiye motar ne, sai ta hau layin dogo da ke bin gefen hanya, ta karkace, ta faɗi, fetur ya shiga kwarara bisa ƙasa. Nan da nan labari ya gama unguwa, mutane suka fito daga ko'ina, wani da bido, wani da bokiti, wani da tasar gida. Wajen tsakar dare wuta ta tashi. Hukuma ta fara ba da labarin mutum 55 da suka rasu nan take, da waɗansu fiye da 30 da aka kai gidan likita da ƙuna, amma cikin kwanakin da suka biyo baya yawan mamatan ya zarce 70. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya je duba masu rauni, kuma aka yi zaman makoki na kwana 3 cikin ƙasa baki ɗaya.

Wannan shi ne labarin kamar yadda rediyo ya ba da shi. Amma ƴan uwa masu karatu sun sani, labari ba ya ƙarewa a bakin mai karanta shi. Daga can yake sauka tasha da kasuwa, ya shiga fadar samari wurin shan shayi, ya zauna ƙofar masallaci bayan sallar asuba, kowa ya ɗora masa nasa fassarar. Wannan fassara ta mutanen gari ita muke so mu duba, domin da ita mutum yake aiki ranar da irin wannan mota ta faɗi a ƙofar gidansa.

Magana ta fari da ake ji ita ce ta ƙaddara: kwanansu ya ƙare, wanda ajali ya kira sai ya je. Ba mu da ja a kan wannan, kuma ita ce maganar da ta dace a gidan makoki, gaban uwar da ta rasa ɗanta. Sai dai mutumin da ke faɗin haka shi ne kuma ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu in zai tafi gida, bai taɓa barinsa buɗe ba ya ce abin da aka rubuta za a sata sai an sata.

Bayan ta sai maganar masu hali, waɗanda suka ji labarin suna cikin ɗaki mai fanka. Su kam hukuncinsu gajere ne: kwaɗayi mabuɗin wahala. A nan ya kamata a yi ɗan lissafi kafin a yanke wa mamaci shari'a. A waccan shekara ana sayar da lita ɗaya ta fetur tamma 540 a gidan mai, watau dala 108. Bido mai cin lita 25 ya tashi jika 13 da rabi ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a lokacin kuwa jika 30 ne da tamma 47 a wata, ga wanda ma ya yi sa'ar samun aikin albashi. Ashe bido biyu sun kusa kai wahalar wata guda cur, ga azumi ya kama, ga sukari da gero da ƙanƙara suna jiran mai gida. Wanda bai taɓa kwana yana tunanin kuɗin cefanen gobe ba, ya sassauta harshe. Amma masu cewa talauci ne kaɗai, su ma ba su gama magana ba, domin ba kowane mai bido ne ya kwana da yunwa ba, kuma a irin wannan taro akwai wanda bai zo ɗibar komi ba, kallo ya kawo shi, wuta kuwa ba ta tambayi kowa abin da ya zo yi ba.

Inda hira ta fi zafi shi ne kan layin dogo, don nan siyasa ta samu ƙofar shiga. Tarihin wannan layi dogo ne kamar sunansa. Hanyar jirgin ƙasa da Faransawa suka faro daga Kotonu ta iso Paraku a 1936, ta tsaya nan. A shekarun da suka biyo baya, kayan Nijar sukan hau jirgi zuwa Paraku, sa'an nan a juye su cikin manyan motoci su shigo ta Gaya, kuma gwamnati bayan gwamnati ta yi ta begen ranar da jirgi zai yi kuka a Yamai. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin tashar jirgin ƙasa ta Yamai, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa ƙarfe wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka buɗe shi a farkon 2016. Amma tsakanin Doso da Paraku ba a shimfiɗa komi ba, saboda haka layin bai haɗu da kowane layi ba, kuma ranar da motar nan ta faɗi, shekara 3 bayan buɗe shi, babu jirgin da ke jigilar mutane ko kaya a kansa. Masu adawa suka samu abin faɗi: ƙarfen da bai ɗauki buhu ɗaya ba, ga shi ya kada mota. Masu goyon gwamnati suka mayar da cewa ƙarfe bai aika wa kowa ya zo da bokiti ba. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan uwansa da ita, har makoki ya ƙare, hira ta koma kan wani abu.

A ganinmu akwai wurin da duk waɗannan maganganu suka tsallake. Faɗuwar mota abu ɗaya ne, tashin wuta abu ne dabam, kuma tsakaninsu akwai lokaci. A Yamai lokacin ya isa mutum ya ji labari, ya koma gida, ya nemo bido, ya dawo. Da wuta ta tashi a daidai sa'ar da motar ta kife, da mutanen da za a rasa ba su kai haka ba ko kusa. Cikin wannan ɗan tsakani ne aka tara mutanen da suka mutu, kuma shi ne ba a cika zancensa ba a fada.

Dalili kuwa, yawancinmu ba mu san halin fetur ba, ko da yake muna ganin mun san shi. Ba ruwan man ne ke kama wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fidda tururi mai kamawa ko cikin sanyin da ya kai awo 40 ƙasa da sifiri, balle a Yamai cikin watan Mayu, sa'ad da ƙasa ke riƙe zafin rana har tsakar dare. Wannan tururi ido ba ya ganinsa, kuma ya fi iska nauyi ninki uku ko huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta yana rarrafe bisa ƙasa, ya bi gangare, ya cika rami da magudanar ruwa, ya shiga tsakanin ƙafafun mutane. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ya isa. Daga nan abin da ake jira tartsatsi ɗaya ne: na sigari, na bokitin ƙarfe da ya gogi dutse, na injin da aka tayar. Waɗanda suka ga abin da idonsu a Yamai sun ce daga wani moto ne, watau babur, tartsatsin ya fito. Kuma ba lalle ne wutar ta faro daga jikin motar ba. Tana iya kamawa can nesa inda tururi ya kai, ta biyo shi da gudu zuwa tushensa, ta haɗa da duk wanda ke tsaye a tsakani. Mai ɗibar mai kuwa rigarsa ta jiƙe, hannunsa ya jiƙe, warin ya riga ya sa masa jiri, ga bido cike a hannu. Gazwal ba haka yake ba, shi sai ya yi zafi fiye da awo 50 kafin tururinsa ya kama, abin da ya sa wanda ya taɓa ɗibar gazwal ya tsira yake tsammanin fetur ma haka ne.

Akwai kuma sabo. Duk wanda ya zauna Maraɗi ko Damagaram ko Birnin Ƙonni ya san teburin ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya, kwalabe jere cikin rana, yaro yana zuba wa ɗan kabu-kabu lita guda da mazurari, wani lokaci injin ma bai mutu ba. Shekara da shekaru muna ganin haka, mafi yawan ranaku ba abin da ke faruwa, har fetur ya zama mana kamar man gyaɗa. Amma lita ɗaya cikin kwalba da dubban litoci shimfiɗe bisa ƙasa ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda garwashin shayi da gobarar daji ba ɗaya ba ne.

Abin bai tsaya ga ƙasarmu ba. Ran 15 ga Oktoba 2024, da dare, wata motar mai ta kife a garin Majiya cikin jihar Jigawa ta Najeriya, man ya gangara magudanar ruwa, mutane suka taru ɗiba, fiye da 150 suka rasu. Wata 3 bayan haka, ran 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko cikin jihar Neja ta Najeriya, aka tada janareto don a juye man motar da ta faɗi zuwa wata, wuta ta kama, fiye da mutum 80 suka tafi. Mutanen Dikko sun ji labarin Majiya. Jin labari bai hana ba.

To, mu duba hanyarmu. Tun watan Nuwamba na 2011 ake tace mai a matatar SORAZ, arewa da Damagaram, wadda aka gina don ganga 20.000 a yini. Ɗanyen mai yana zuwa mata cikin bututu daga Agadem, amma tataccen mai bisa taya yake fita. Motar da za ta kai shi Yamai tana da tafiyar kusan kilomita 900 bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, ta ratsa Tasawa, ta wuce Maraɗi da Gidan Rumji, ta bi Madawa da Galmi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. A yawancin garuruwan nan hanya tsakiyar gari take bi, kasuwa a dama, tasha a hagu, masu tuyar ƙosai da masu gashin nama da wutarsu a bakin kwalta. Direban da ya kwana biyu bisa hanya, in barci ya kama shi, cikin gari yake tsayawa, domin nan ne akwai abinci da tsaro. Wannan aiki ne na magadan gari da ma'aikatan sufuri: a keɓe wa motocin mai wurin kwana a bayan gari, nesa da gidaje, mai faɗin da mota za ta juya ba ta hau wani abu ba. Fili dai ba shi ne ya yi mana ƙaranci a Nijar ba.

Amma ranar da mota ta faɗi, ba minista ne ke fara isowa ba, ba ma jandarma ba. Mai unguwa ne, da limamin masallacin kusa, da ƴan kabu-kabu, da mai shayin da bai tashi ba. A ƙauye sau da yawa wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci shi ake kallo a ji abin da zai ce. Abin da ke hannunsu cikin minti na fari yana da yawa. A kira lamba 18 ta sojan kashe gobara, ko 17 ta ƴan sanda. A tare hanya daga nesa ta kowane gefe, a kashe injin mota da na moto, wanda ke kusa kuma kada ya tada nasa, ya tura shi da hannu ko ya bar shi nan. A kashe murhu da fitilar kananzir na gidajen kewaye. A kori yara tun ba su taru ba, domin taro shi ke kiran taro. Ƙa'idar masu kashe gobara a Amurka ita ce a janye mutane mita 300 ta inda iska ke kaɗawa in mai ya zuba da yawa, in kuwa tankin ya riga ya kama, mita 800 ta kowane gefe. Mita 300 tsawon filin ƙwallo uku ne. Wanda ke tsaye yana jin warin fetur, bai yi nisa ba tukuna. Lasifikar masallaci, wadda ke tada gari duka don sahur, tana iya wannan aiki fiye da kowace jiniya.

In wuta ta kama, kada a watsa mata ruwa, don fetur tasowa yake bisa ruwa, ya bi shi ya ƙara yaɗuwa. Rairayi ke danne ƙaramar wuta, babba kuwa a bar wa masu aikinta. Wanda wuta ta kama rigarsa kada ya ruga, gudu hura ta yake, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Jikin da ya ƙone shi ne ke son ruwa: mai tsabta, mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa wajen minti 20. A cire zobe da agogo tun hannu bai kumbura ba, tufar da ta manne da fata kuma a bar ta. Kada a shafa man shanu, ko man goge haƙori, ko toka, ko ƙwai, kamar yadda aka saba a gidajenmu, domin sai likita ya kankare su duka kafin ya fara magani. A rufe wurin da zane mai tsabta, a kai mutum gidan likita mafi kusa a daren, ba sai gari ya waye ba.