MAI AIKIN HANJI YA RIƘA YAWO DA KATINSA

Zazzaɓin taifot ba abin wasa ba ne. A mako na 2 ko na 3 yana iya huda hanji. Idan haka ta faru, dole sai an yi aiki. Daga Aliero, Jega da Maiyama, akan kai irin wannan maras lafiya har Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Aikin hanji iri-iri ne. Wani ɗinke hujin ake yi. Wani kuma a yanke ɓangaren da ya lalace. Wani ana fito masa da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka.

Bayan an warke ma, akwai sauran kula. Hanjin da aka taɓa yi wa aiki yana iya toshewa ko bayan shekaru. Alamunsa su ne kumburin ciki, amai, da rashin fitar bayan gida ko iska. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji kuwa, ruwa da gishirin jikinsa suna saurin ƙarewa idan zawo ya kama shi.

Ga amfanin kati. A ce ɗan kasuwa ya ɗora albasa daga Aliero zuwa Legas, ciwo ya kayar da shi a hanya. Likitan can bai san shi ba. Shi kuma ba ya iya magana. To, katin shi zai yi magana a madadinsa.

A Ingila, ƙungiyoyin masu wannan lalura suna ba su ƙaramin kati na aljihu. A nan, takardar sallama daga asibiti za ta yi wannan aiki. A roƙi likita ya rubuta:

1. Sunan maras lafiya da garinsa.
2. Irin aikin da aka yi, da ranar, da asibitin.
3. Magungunan da yake sha.
4. Lambar wayar wani ɗan'uwa.

A sa katin cikin leda don kada zufa ko ruwan sama ya ɓata shi. A bar kwafi ɗaya a gida. Idan ciki ya kumbura, kada a tsaya shan jiƙo ko maganin wankin ciki. A ɗauki kati a garzaya asibiti. Rigakafi ya fi magani.