Faifan da Marvin Gaye ya yi yajin aiki a kan waƙarsa ta farko

A shekarun 1960, kamfanin waƙoƙi na Motown, wanda a lokacin yake birnin Detroit a Amurka, yana aiki ne kamar masana'anta. Marubuta su rubuta, makaɗa su kaɗa, mawaƙi ya zo ya ɗora murya ya tafi. Faifai kuwa yawanci waƙa ɗaya ko biyu ce mai tashe, sauran cikon benci. Marvin Gaye, wanda ya yi suna da waƙoƙin soyayya a wannan gida, shi ya karya tsarin da faifansa What's Going On, wanda ya fito ranar 21 ga Mayu, 1971.

Asalin waƙar farko ba tasa ba ce. Renaldo Benson na ƙungiyar mawaƙa ta Four Tops ya ga 'yan sanda suna jibgar masu zanga-zanga a Berkeley cikin 1969, abin ya tsaya masa a rai, ya fara rubutu tare da marubucin waƙa Al Cleveland. Waƙar ta tarar da Gaye cikin baƙin ciki: abokiyar waƙarsa Tammi Terrell ta rasu a Maris 1970 sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa, ƙanensa Frankie kuma ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai marasa daɗin ji. Gaye ya gyara baitocin, ya naɗa.

Mai kamfanin, Berry Gordy, ya ce atafau ba za a sake ta ba, yana ganin siyasa za ta kori masu saye. Gaye ya ce to shi ma ba zai ƙara shiga situdiyo ba. Aka yi ta jan zare har Janairu 1971, lokacin da wasu manyan ma'aikata suka fitar da ita ba da sanin Gordy ba. Ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard. Da kuɗi suka shigo, sai maigida ya nemi cikakken faifai cikin gaggawa, aka naɗi yawancinsa cikin kwana goma a watan Maris.

Abin da ya fi burge ni shi ne muryar. Idan ka kasa kunne, za ka ji Gaye biyu suna waƙa lokaci guda, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kamar mutum yana amsa wa kansa. Kuskure ne ya haifar da hakan: injiniyan sauti ya kunna naɗi biyu tare, Gaye ya ji, ya ce a bar shi haka. Hirar da ake ji a buɗewar waƙar farko kuwa, har da muryoyin 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Detroit Lions biyu, Mel Farr da Lem Barney.

Waƙoƙi tara ne a faifan, kusan duk a manne da juna, don haka wanda ya tsinci ɗaya a waya ya saurara bai ji faifan ba tukuna. Labarin tsohon soja ne da ya dawo gida ya tarar da talauci, ƙwaya, haraji da gurɓatar muhalli. A jikin kwalinsa ne kuma aka fara rubuta sunayen makaɗan Motown, irin su James Jamerson mai kaɗa jitar bes, bayan shekaru suna aiki ba a ambatonsu.

A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na 1 cikin faifai 500 da ta zaɓa. Gaye bai ga wannan ba, mahaifinsa ya harbe shi ranar 1 ga Afrilu, 1984, saura kwana ɗaya ya cika shekara 45.