Me Ya Sa Fis ɗin Mota Yake Ƙonewa?

Yawancin motoci suna da ɗan akwatin fis a ƙarƙashin sitiyari, wasu kuma da na biyu kusa da inji. Fis wani siririn ƙarfe ne a cikin gidan roba, wanda wutar batir take bi ta cikinsa kafin ta kai ga fitilu, ko oda, ko waifa, ko rediyo. Da gangan aka yi shi marar ƙarfi. Idan wuta ta wuce kima, sai ya yi zafi ya narke, hanya ta yanke, wayoyin mota su tsira. Ke nan fis ɗin da ya ƙone ya yi aikinsa ne. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa wutar ta yi yawa.

Ana auna yawan wutar da ke gudana a waya da amfiya, kuma kowane fis akwai lambarsa a rubuce a kansa. Irin mai ƙafa biyu, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a 1976, ana gane shi da launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Dalili na farko shi ne lodi ya yi yawa. Ƙananan motoci suna aiki da bolt 12. Idan aka raba ƙarfin ƙwan fitila da 12, za a sami wutar da yake ja. Ƙwai mai wat 55 yana jan ƙasa da amfiya 5. Idan direba ya cire shi ya sa mai wat 100 don ƙarin haske, zai ja fiye da amfiya 8. Guda biyu a layi ɗaya sun fi ƙarfin shuɗin fis. Haka kuma idan waifa ko fanka ta cije, injinta yakan ja wuta fiye da yadda ya saba.

Dalili na biyu shi ne haɗuwar waya da jikin mota. Ƙarfen jikin mota shi ne hanyar da wuta take komawa batir. In robar waya ta goge, ko ɓera ya ci ta, tagullar ciki ta taɓa ƙarfe, wuta za ta koma batir kai tsaye ba tare da ta bi ta fitila ba. Nan take fis zai yanke.

Lokacin da fis yake ƙonewa yakan nuna inda laifin yake. In ya ƙone da zarar an sa shi ko an kunna makunni, waya ce ta taɓa ƙarfe. In sai an ɗan jima ana tafiya, a zargi lodi. In sai an faɗa gargada ko an buɗe ƙofa, akwai wayar da take taɓawa tana saki, musamman waɗanda suka ratsa tsakanin ƙofa da jikin mota. In da damina ne kawai, a duba ko ruwa yana shiga gidan fitila. Idan kuwa robar fis ce ta narke amma ƙarfen ciki bai yanke ba, ƙafafunsa ne ba su kama da kyau ba.

Masu gyaran wayarin suna da dabara mai sauƙi. Sukan cire fis, su jona ƙwan fitila a gurbinsa. Muddin waya tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai yi haske sosai. Sai su bi layin suna cire kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, suna girgiza wayoyi. Inda hasken ya dushe ko ya mutu, nan ɓarnar take.

Akwai kuma matsalar da ba ruwanta da fis. Idan aka taka birki sai sigina ta kama, ko fitilun baya suka dushe, galibi wayar da aka ɗaure a jikin mota ce ta yi tsatsa ko ta kwance. A kankare wurin, a ɗaure ta tamau.

Babban haɗari shi ne gyaran gaggawa. Wani yakan sa kore a gurbin ja, wani ya naɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Fitila za ta kama, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin yanzu wayar motar ce za ta yi zafi a maimakon fis. Robarta ta narke a bayan allon sitiyari, inda ido ba ya gani, kuma ta haka mota take kamawa da wuta. Ƙa'idar ita ce a mayar da fis mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone. In sabon ma ya ƙone, a daina sauyawa, a nemi mai gyara ya bi layin.